Baba Issoufou da Kalmar Jaraba

Kafin rana ta fara dukan kwanon shagunan Gubaira, Baba Issoufou ya riga ya ɗaure tsaninsa a bayan tsohuwar motarsa ya kama hanyar gidajen Nasiriya. Gyaran mukayyif ne sana'arsa, wato na'urar sanyaya ɗaki, wadda in ta tsaya a Riyad tsakiyar zafi gida ya koma tanda. Ya hau soro, ya kwance, ya wanke, ya ɗura gas, ya sauko sharkaf da gumi. In azahar ta yi aka rufe shaguna aka tafi salla, sai ya sami inuwa ya shige mota, ya buɗe waya, ya duƙufa kan wasu baƙaƙe masu lanƙwashe-lanƙwashe, ba Larabci ba, ba boko ba. Helenanci ne, harshen da aka fara rubuta Sabon Alkawari da shi.

Sunan da na ba shi na aro ne, haka na sauran, domin akwai waɗanda har yanzu suna can. Bahaushe ne Kirista daga wani ƙauye kusa da Maraɗi. Ya taɓa shiga makarantar Littafi Mai Tsarki, mahaifinsa ya rasu, ya bar karatu ya fita nema. Babu majami'a a Riyad, don haka ranar Juma'a da hantsi 'yan uwa kaɗan, direbobi da magina da masu aikin gida, sukan taru a ɗakinsa, har da ni. Ba a shigowa tare. Ba a barin takalma a ƙofa. Waƙa kuwa a maƙogwaro ake yin ta, ya kunna mukayyif da ƙarfi don ya danne murya.

Ba fasto ba ne, bai kuma yarda a kira shi haka ba. Abin da ya ɗaukar wa kansa shi ne kalma. In wani ya karanta aya a Hausa, wani ya duba ta Faransanci ko Turanci ya ga ta sha bamban, ɗaki yakan yi tsit, kowa da abin da ke ransa. Da ma a wurin aiki ana yawan ce musu littafinsu an sassauya shi. A irin wannan lokaci sai Baba ya ce, "Ban sani ba tukuna. Ku ba ni lokaci in bi ta gida."

Wanda ya fi gwada shi Abdou ne, magini ɗan Damagaram da ke aiki a gine-ginen Dir'iyya. A shekarar 2017 ya faɗo daga kan katakon da magina ke hawa, ƙafarsa ta karye. Kafil ɗinsa, wato mutumin da iƙamarsa, takardar izinin zamansa, ke hannunsa, ya daina ɗaukar waya, ga takardar tana dab da ƙarewa. Baba ya ɗauko shi daga masaukin ma'aikata, 'yan uwa suka tallabo shi har ɗakinsa. Yana nan kwance ƙanwarsa ta aiko masa saƙon murya cewa a wasu majami'un masu Faransanci an sake kalmomin addu'ar Ubangiji, daidai wurin da ake roƙon kada a kai mu cikin jaraba. Yanzu cewa ake kada Allah ya bar mu mu shiga.

Juma'ar nan da aka zo addu'a, Abdou ya rufe baki. Da aka watse ya ce, "Baba, tun ina yaro nake faɗin wannan. Ashe kuskure nake faɗi? Kuma ka gaya mini gaskiya, Allah ne ya kai ni kan katakon nan, ko bari kawai ya yi? In ba a san wannan ba, mi aka sani?"

Delou, wata dattijuwa mai aikin gida wadda ta fi kowa daɗewa a taron, ta ce ba ta taɓa ganin tambaya ta tsorata Baba ba sai ranar. Tsoronsa kada ya zama shekara da shekaru yana jan mutane a kan abin da shi kansa bai tabbatar ba.

Ya bi kalmar. Ya samu cewa abin da muke kira jaraba, a Helenanci peirasmos ne, kuma kalma ɗaya ce take ɗauke da gwaji da jaraba duka: wuyar da ke auna mutum, da ruɗin da ke jan shi ga zunubi. Ya je wurin maƙwabcinsa Malam Sha'aban, Bakano mai ɗinki, Musulmi mai zurfin Larabci, wanda ya san addinin Baba bai kuma taɓa ɗaga masa gira ba.

"Malam, fassarar Larabci ta ce tajriba. Me Balarabe ke ji in an faɗe ta?"

Malam ya ajiye almakashi. "Gwaji, Malam Issoufou. Kamar yadda kake kunna mukayyif bayan gyara ka ga ko zai riƙe. Amma ka sani, ni a kan Larabci kawai nake ba ka amsa. Sauran tsakaninku da littafinku ne."

Wannan ya ɗan sanyaya masa rai. Sai ya koma kan ɗaya kalmar, wadda aka fassara da "kai", yana fatan ta ba shi mafita. Ba ta ba shi ba. Ma'anarta a fili take: ɗaukar abu a shigar da shi ciki. Ita ce ma aka yi amfani da ita a labarin mutanen da suka ɗauko abokinsu shanyayye suna neman shigar da shi gida. Ya yi kwanaki yana kai kawo. In ya ce wa Abdou sabuwar fassara ce daidai, yaron zai sami barci, kuma ba wanda zai kama shi da ƙarya.

Juma'a ta zo, ya fara bayani ke nan aka ƙwanƙwasa ƙofa. A watannin nan ana ta kamen marasa takarda. Kowa ya daskare, Delou ta tura littafi ƙarƙashin katifa, Abdou kuwa ko tashi ba zai iya ba. Baba ya buɗe da kansa. Malam Sha'aban ne, ya tsaya a waje bai leƙa ba.

"Motar jawazat, 'yan shige da fice, tana bakin layi, suna duba iƙama. Kowa ya zauna inda yake sai na dawo."

Suka zauna a rufe, gumi na tsiyaya duk da sanyin ɗakin. A cikin wannan jira ne Baba ya matsa kusa da Abdou ya ƙarasa da raɗa. "Ɗana, abin da ka koya tun kana yaro ba kuskure ba ne, shi ya fi kusa da yadda aka rubuta. Masu sabuwar sun ji tsoron kada a zaci Allah na jan mutum ga zunubi, littafin kuwa ya ce ba ya yi, sai suka sassauta. Ba wanda ya yi maka ƙarya. Amma ko Allah ne ya kai ka kan katako, wannan na nema ban samu ba."

"To ba ka warware ba, Baba."

"Ban warware ba."

Malam ya dawo ya ce mota ta wuce, aka fita ɗaya bayan ɗaya. Abdou ya ƙara makonni bai yi addu'a ba, Baba kuwa bai matsa masa ba. Ya ci gaba da kai shi asibiti, ya yi ta sintiri gidan kafil har aka sa hannu a takardar komawarsa gida. Juma'arsa ta ƙarshe, Abdou ya nemi ya ja addu'a. Da ya iso wurin jaraba, ya faɗe ta yadda uwarsa ta koya masa.

Baba Issoufou, kai ne mai bin kalma har gidan ubanta. Kai ne ka ga ƙarya mai daɗi a gabanka, ka tsallake ta. Yanzu gwiwa ta ƙi tsani, an buga maka bizar fita ta ƙarshe, za ka koma Maraɗi. Ba zan ɓoye maka ba, hankalinmu a tashe yake. Ba mu san ɗakin da zai karɓe mu ba, ba mu san wanda zai bi mana kalma ba. Delou ta fara koyon baƙaƙen, tana cewa idonta ya tsufa, amma ba ta ajiye ba.

Mun gode, Baba. Allah ya kai ka gida lafiya, ya saka wa Malam Sha'aban da alheri. Ku kuma da ake kawo wa tambaya, a majami'a ne ko a makaranta ko a zaure, in mutum ya zo muku da abin da ke hana shi barci, ku bincika masa da gaske, ku faɗa masa iyakar abin da kuka samu. Inda saninku ya ƙare ku ce ya ƙare, sannan kada ku tashi ku bar shi shi kaɗai.