Tashar Jiragen Ruwa a Ɗakin Makcik

A shekararmu ta uku a Kuala Lumpur muka koma wani bene a Pantai Dalam, hawa na tara. Maigidana yana karatun digiri na uku, in ya fita da safe sai magariba. Yaranmu biyu suna makaranta, ni kuwa ina gida da keken ɗinkina. Idan na fita baranda shanya nakan hango jirgin ƙasa yana wucewa can ƙasa, sumul, ba hayaniya. Ba irin wanda na sani ba ne. A kwatas ɗin 'yan reluwe na Zariya aka haife ni, Babanmu gadin jirgi ne, mai raka jirgi a taragon ƙarshe, har ya yi ritaya, kuma a gidanmu kwanuka har rawa suke yi a kan kanta idan jirgin kaya ya taho.

Ƙofarmu tana kallon ta wata dattijuwa 'yar Malay da kowa yake kira Makcik, wato gwaggo. Mijinta ya rasu tun kafin mu tare. Wata rana ta kawo mini labule in rage masa tsawo, ta tsaya tana kallon yadda nake zura zare a allura ba tabarau. Da na gama sai ta ce, rabi da Turanci rabi da Malay, in zo ta nuna mini wani abu.

Ɗakinta na biyu babu gado. Wani babban tebur ne ya cinye shi, a kansa kuma an gina tsohuwar tashar jiragen ruwa ta Klang, 'yar ƙarama, kamar yadda take a zamanin da mahaifin mijinta yake dako a can. Ga ruwa an yi masa fenti kore mai duhu, ga jirgin ruwa guda ɗaya, ga layin dogo ya bi bakin ruwan ya zagayo, da ɗan jirgin ƙasa mai aiki da lantarki a kansa. Sito uku ne, ɗaya kawai aka yi wa rufi. A gefe akwai gwangwanin biskit cike da 'yan mutanen roba farare fat, kowanne bai kai gaɓar yatsa ba.

"Mijina ya ce zai gama kafin azumi," in ji Makcik. "Azumi uku ke nan." Ta ɗago hannuwanta ta nuna mini yadda suke karkarwa. "Boleh?"

Na san kalmar, tana nufin ko zan iya. Na ce zan gwada.

Talata da Alhamis muke aiki, bayan yara sun tafi. Marigayin ya bar littafi da ya rubuta komai a ciki, awon kowane gini da launinsa. Ita take karantowa, ni ina yi. Na koyi ɓare bayan kwali a hankali har tudu da kwarin cikinsa su fito kamar kwanon rufi. Da tsinken sakace muka yi ginshiƙan gadar da jirgin ruwa yake tsayawa. Mutanen nan kuwa da hantsaki nake riƙe su in shafa musu fenti, ita tana zaɓa musu launin riga. Wani lokaci sai mu yi awa guda muna ta aiki, fanka tana juyawa, ɗakin yana warin gam da kofi.

Da muka zo kan kayan da za a loda, sai na ɗinka 'yan buhuna daga ƙyallen da ya rage mini, na cika kowanne da ƙwayar shinkafa biyar ko shida. Ina hira da ita ina jera su, ban lura ba ashe na tayar da su sama sun yi tsini. Ni ban taɓa ganin dalar gyaɗa da idona ba, a bakin Baba na san ta.

Makcik ta gyara tabarau. "Wannan fa? Mu nan danƙo da kuza ake lodawa."

Na ba ta labari, na kai hannu zan rushe. Ta riƙe mini hannu.

"Bar shi mana. Akwai wuri."

Jirgin ƙasan ne ya ƙi tashi. Wata Asabar maigidana ya shigo, ya goge layin, ya gano wayar da ta tsinke a ƙarƙashin teburin ya haɗa. Kan jirgin ya yi 'yar ƙara, ya ja taragunsa huɗu ya bi bakin ruwa. Makcik ta kalle shi ya zagayo sau ɗaya, ta tashi ta shiga kicin. Mun daɗe muna jin famfo yana zuba. Da ta fito, da shayi ta fito, ta ce mu sha kada ya huce.

Bayan la'asar, lokacin hantsi ne a gida, na kira ƙanwata ta bidiyo na ce ta kai wa Baba wayar. Ya tsufa fiye da yadda na bar shi, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na juya wayar ina bin jirgin da ita. Ya matso da fuskarsa har goshinsa kawai nake gani.

"Uwata," haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa gare ni, "wa yake tuƙa wannan?"

"Baban yara ne, Baba."

"Ce masa ya rage gudu. Ba a shiga bakin ruwa a haka, akwai mutane a kan layi."

Maigidana ya rage yana dariya. Baba ya ce yanzu ya yi daidai, amma ina taragon gadi? Jirgi ba ya tafiya babu gadi a baya. Daga nan ya shiga ba mu labarin ranar da ya fara raka kaya Apapa, yadda ya sauka ya je ya ɗebi ruwan teku a tafin hannu ya ɗanɗana don ya tabbatar da gishirin da ake faɗa. Shekara ashirin da wani abu na yi a gabansa, ban taɓa jin wannan labarin ba. Makcik ta leƙo ta yi masa sallama, ya amsa, suka tsaya suna murmushi don ba mai jin yaren wani.

Kafin a kashe ya ce, "Yaushe za ku dawo?"

"Sai ya gama karatu, Baba."

"To. Allah ya nuna mana."

A makon na yi taragon gadi da kwalin ashana, na tsayar da mutum guda a ƙofarsa da jar tuta.

Ba a yi wata huɗu ba Makcik ta faɗi a banɗaki, ɗanta ya zo ya ce ba za ta ƙara zama ita kaɗai ba, Johor za ta koma wurinsa. Teburin bai shiga lif ba, sai da aka raba shi biyu da zarto. Ni na naɗe 'yan mutanen ɗaya bayan ɗaya a cikin auduga. Yanzu ɗalibai ne a gidan, ɗakin ya zama wurin shanyarsu.

Karatun maigidana ya ƙara tsawo, har yau muna nan. Kowace Juma'a nakan kira Baba in tambaye shi labarin tasha guda, daga Zariya muna gangarawa kudu. Mun wuce Kaduna, mun wuce Minna da Zungeru, inda ya ce ya taɓa kwana uku yana jiran a gyara layi. Makon jiya muka iso Jebba. Sai ya ce labarin gadar Jebba ba na waya ba ne, sai na zo.