Shekarar da Na Shuka Irin Onarabul

Sau huɗu ɗan majalisar jiha na mazaɓarmu ya tsaya takara a kan idona, kuma a uku daga ciki ni ne ejan ɗinsa a akwatin ƙauyenmu. Karon farko ya sha ƙasa, ya garzaya kotu, ya dawo hannu rabbana. Karo na biyu ya ci. Ana gab da na uku jam'iyyarsa ta hana shi tikiti, ya kwana a cikinta ya wayi gari a wata, mu ma muka sauya huluna muka bi shi ba wanda ya tambayi dalili. Duk tsawon shekarun nan ban taɓa jin an ce ya miƙe a zauren majalisa ya ce uffan ba. Wani direba a tashar Jega ya taɓa cewa kujerar Onarabul ta fi shi aiki, domin ita ko ba komai tana ƙara idan ya zauna. A lokacin har faɗa na yi da direban, abin da nake jin kunyarsa yanzu.

Na gama karatun koyarwa ina zaune ba aiki, shi kuma Onarabul duk ganin da zai yi mini sai ya dafa kafaɗata ya ce takardata tana kan teburinsa. Da wannan dafa kafaɗa ya riƙe ni shekara da shekaru.

Mahaifina manomin albasa ne, kuma abin da aka san shi da shi a yankinmu shi ne irinsa. Daga kakana ya gaje shi. Albasa ce ja, ba ta da girman a zo a gani, amma tana da ƙarfin jiki da siririn wuya, kuma idan aka zuba ta a rudu, wato rumfar kara da ake ɗagawa daga ƙasa don iska ta ratsa, takan kai ƙarshen damina ba ta ce komai ba. Kowace shekara bayan an cire albasa, Baba yakan zauna ya zaɓi kyawawa ɗaya bayan ɗaya, ya ware su a wani ƙaramin rudu da ba wanda ke taɓawa. Da kaka sai ya dasa su a gefen rijiya su yi fure, ya tara ƙwayar, ya gauraya da toka ya ɗura a gora. Daga gorar nan ake yafa irin shekara mai zuwa. Mutane sukan zo daga Danwarai da Jandutsi har da Kuberi su roƙi ɗan abin da za su yafa, kuma ban taɓa ganin ya mayar da kowa ba.

A kakar da ake kamfen zaɓe na uku, Baba ya faɗi daga kan babur ɗin kabu-kabu a hanyar dawowa daga kasuwar Jega, cinyarsa ta karye. Muka kai shi gidan wani mai ɗori a Aliero, aka ce sai ya yi wata biyu bai taka ƙafar ba. Gona ta dawo hannuna. Yana kwance a kan tabarma, ƙafar a ɗaure da karare, ya kira ni kusa.

"Da an ɗauke ruwa ka ɗauko gorag ga ka yahwa," in ji shi. "Na ƙaramin rudu kuma ka dasa su can gehen rijiya. Kak ka bari kowa shi taɓa su."

Na ce, "To, Baba."

A cikin makon ne Onarabul ya tara mu ejan-ejan a wani gida a Jega. Aka shigo da kwalaye cike da 'yan ledoji masu sheƙi, kowace da hotonsa yana murmushi, hotonsa ya fi rubutun bayanin irin girma. Ya ce irin zamani ne ya sa aka kawo daga nesa, albasarsa ɗaya takan cika tafin hannu biyu, kuma zamanin gora da toka ya wuce. Sannan ya nuna ni da yatsa a gaban kowa.

"Kai ne ɗan mai iri. In gidanku sunka shuka, kowa na shukawa. Kai za ka hwara."

Kaina ya kumbura. Na ɗauki kwali biyu a bayan babur na dawo gida ina jin kamar an ba ni takardar kama aiki. Gorar Baba na bar ta a rataye inda take, na yafa na leda. Na bi gida gida ina raba wa mutane, duk wanda ya yi gardama sai in ce ya je gona ya duba fangalinmu, inda na yafa irin. Suka duba, suka ga ɗan mai iri da kansa ya shuka, suka bi. A daidai lokacin albasa ta yi tashin gwauron zabi a kasuwa kamar yadda takan yi duk kaka, wani dillali ya leƙa ƙaramin rudu ya ga abin da ke ciki, ya dinga zarya. Na ce a raina me za a yi da albasar iri tunda ga na zamani ya zo. Na buɗe masa ya kwashe tas, aka loda a mota zuwa kudu. Duk ziyarar da na kai wa Baba a gidan ɗori, idan ya tambayi gona sai in ce lafiya lau.

Irin Onarabul ya tsiro, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya yi ganye shar, ya yi manyan kawuna farare-farare masu ɗaukar ido. Ana saura kwanaki zaɓe ya zo da jerin motoci da masu ɗaukar hoto, ya shiga fangalinmu da takalminsa yana tattake ganye, aka tuge masa wata ƙatuwa ya ɗaga sama ana tafi. Ni ne a gefensa a hoton, baki har kunne.

A lokacin Baba ya dawo gida yana dogara sanda. Bayan motoci sun tafi ya ɗingisa zuwa bakin fangali, ya ɗauki albasar da Onarabul ya yar, ya danna wuyanta da babban yatsa, ya kai hanci.

"Wagga ruwa ta," in ji shi. "Ina ka dasa nawa?"

Na gaya masa gaskiya, domin gefen rijiya na nan fili a gabansa. Ya daɗe yana kallon wurin. Na shirya wa zagi, na ma fi son ya ɗaga sandar ya kwaɗa mini. Abin da ya ce kawai shi ne Allah shi kyauta, ya juya ya nufi gida a hankali.

Aka yi zaɓe, Onarabul ya ci, akwatinmu kuwa ya cinye shi kusan kaf. Na yi ta tsalle a bayan motar a-kori-kura har muryata ta dishe. Muka cire albasa muka cika ruduna, domin a wurinmu riba ba ta cikin sayarwa lokacin da kowa ke sayarwa, tana cikin ajiyewa sai ta yi tsada. Wannan ko yaron goye ya sani a ƙasar Aliero.

Ruwan farko bai sauka ba wari ya fara. Da farko mun ɗauka wata dabba ce ta mutu a bayan gida. Da na ɗaga ciyawar rudu na sa hannu, sai yatsuna suka nutse cikin wani abu mai ɗumi da yauƙi. Baƙin ruwa yana ɗiga ta ƙarƙashin karare, ƙudaje sun yi dafifi, tsutsa tana motsi. Haka aka yi a kowane gida da na kai wa leda. Mata suna wucewa da gefen mayafi a hanci, abinci ya ƙi ciwuwa a tsakar gida. Kwana da kwanaki muna kwasa da shebur muna zubawa a amalanke, ana kaiwa rami a bayan gari. Ba wanda ya zage ni a fuska, albarkacin Baba. Amma na ji wata tsohuwa a bakin rijiya tana cewa albasa dai ba ta yi halin ruwa ba, kuma na san da wa take.

Na shirya na tafi gidan Onarabul a Birnin Kebbi. Tun hantsi nake zaune a benci a bakin ƙofa, sai bayan la'asar aka ce in shiga. Na same shi a kishingiɗe yana cin tsire, waya biyu a cinyarsa. Na durƙusa na ce, "Ranka shi daɗe, albasag ga duk ta ruɓe cikin rudu. Mutane sun shiga uku."

Ya ɗago yana tauna. "Wa yac ce ku aje ta? Albasa ai saidawa aka yi."

Mutumin da ya wakilci manoman albasa shekaru, bai san ajiye ta ake yi ba. Ko kuma ya sani bai damu ba, har yau ban san wanne ya fi muni ba. Na ce masa irin mahaifina ma ya salwanta ta dalilin wannan. Ya goge hannu da takarda, ya yi irin murmushin nan na jikin leda.

"Amma dai akwatinku mun cinye, ko ba haka ba? Ka kwantar da hankalinka. Takardarka tana bisa tebur."

Ya miƙo hannu zai dafa kafaɗata, na ja baya don ƙyama. Ban sake taka ƙofarsa ba. Ya tsaya karo na huɗu ya kuma ci ba tare da ni ba, da taliya da atamfa wannan karon, kuma wasu daga cikin waɗanda muka kwashe ruɓaɓɓiyar albasa tare su ne a gaban layi.

Amma tun kafin nan, da kaka ta zagayo, Baba ya sauko da gorarsa. Ƙwayar albasa ba ta son kwana biyu, ita kuwa wannan ta shekara da rabi a rataye, ta sha zafin bazara ta sha laimar damina. Ya sani, amma ya gyara fangali da hannunsa ya yafa. Safe da yamma yana ɗingisawa da bokiti yana yayyafa ruwa, ya ƙi yarda in taya shi. Ya yi mako biyu yana haka. Ban da ciyawa ba abin da ya fito.

Na ari babur na zaga duk inda na san ya taɓa ba da iri. A Jandutsi da Danwarai na tarar ledar Onarabul ta riga ni, wasu ma ni na kai musu. A Kuberi wani dattijo ya ba ni ɗan ƙulli, amma ya faɗa mini gaskiya cewa ya daɗe da gauraya shi da na kasuwa. Baba ya karɓa ya yi godiya, ya ce ba nasa ba ne kuma.

Ranar kasuwar Aliero ya sa babbar rigarsa ya ce in kai shi. Ban tambayi me za mu yi ba sai da ya tsaya a gaban rumfar wani mai sayar da iri, sa'ansa, wanda a da yakan zo ƙofar gidanmu da 'yar ƙwarya. Suka gaisa, Baba ya ce a auna masa. Mutumin ya yi dariya don ya ɗauka wasa ne, da ya ga ba wasa ba ne sai ya ajiye gwangwanin awo.

"Malam, kai da aka zuwa wurinka? Ina irin gidanku?"

Ina tsaye a bayansa riƙe da hular kwano, na buɗe baki zan yi magana. Baba ya ɗan matsa ya tare ni da jikinsa.

"Tsuhwa na," in ji shi. "Ni nib bar shi yal lalace. Auna mani dai."