Makullin Ruwa a Hannun Jibo

Mu ne muka zaɓi Jibo, kada wani ya zo yau yana rantse-rantse. A shekarar sittin da biyu aka ce manoman ƙauyenmu, nan kusa da garin Hajj Abdalla a ƙasar Sudan, su fitar da samad, mai raba wa gonakin auduga ruwa. Muka duba muka ɗauko wanda ko akuya ba ta tsoronsa. Jibo, in ka taka masa ƙafa, shi zai ba ka haƙuri. Kowa ya sa a ransa shi zai riƙa juya shi.

Aka ba shi makullin ƙofar ruwa da wata tsohuwar rigar kaki. Sati bai cika ba muka fara sintiri gidansa, wannan da kaza, wancan da tsegumin maƙwabci. Mu muka koya masa zama kan kujera, mu muka koya masa a miƙe in ya taho. Wallahi ɗalibi ne mai kai. Kafin auduga ta yi fure ya sayi usur, ya koma amsa sallama da ka.

Aishatu kaɗai ta ƙi miƙewa. Mijinta ya rasu ya bar mata hawasha, 'yar gonarta daf da tawa a ƙarshen magudana, da ita take ciyar da 'ya'ya huɗu. Ranar da layinta ya zo bai buɗe ba, ta tare shi gaban jama'a.

"Jibo, moya fa? Audugata na mutuwa da ƙishirwa."

"Samad za ki ce."

"Ni da na goye ka? Buɗe min ruwa."

"Halas, magana ta ƙare," in ji shi. "Mai raina tsari ba shi da ruwa."

Mu ashirin da wani abu muna tsaye, jarumai, kowa ya sami abin kallo a takalminsa. Ni har kai na gyaɗa, don na san gonar da ruwan zai juya.

Audugata ba ta taɓa kyau irin na shekarar nan ba. Tata ta ƙone. Mufattish, babban malamin gona, ya zo duba gonaki, ya ce sakaci ne, aka karɓe hawashar aka ba wani.

Bayan shekara uku aka tuɓe Jibo, ya koma ba mutane haƙuri. Muka yi ta cewa dama tun farko mun san azzalumi ne. Na fi kowa ɗaga murya.

Aishatu kuwa a gonata take tsintar auduga duk kaka. Ba ta taɓa yi mini gori ba. Da na iso sai ta ajiye buhu ta miƙe tsaye.

"Sannu da zuwa, ranka ya daɗe."

Na sha roƙonta ta daina, don kunya kamar ta kashe ni. Har yau ba ta daina ba.