Ranar da na kai wayata filashin a Makarfi

Wawan labarin nan ni ne, gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni. Sai dai ina so a sani cewa an tsokane ni, kuma har yau raina bai gama hucewa ba.

Autata ta yi karatun kwamfuta a Zariya. Ni a firamare na yi sallama da boko, ba don ya fi ƙarfina ba, don dai malamin ba ya jin shawara. Da ta dawo gida Ikara, ƙungiyarmu ta manoman tumatir ta ba ta aikin gwaji. Aka ce ta haɗa manhajar waya wadda manomi zai danna ya faɗi farashin kwando da bakinsa daga kasuwar da yake, sauran su ji, dillalai su daina juya mu. Shugaban ƙungiya ya ce in abin ya tsaya daidai kafin taron shiga noman rani, aikin nata ne. In bai tsaya ba, akwai wani a Kaduna yana jira.

A wayoyin samari manhaja tana aiki lafiya lau. A wayoyin dattawa kuwa yau ta yi, gobe ta rufe kanta ana cikin magana, saƙo ya bi iska. Kuma kwamitin da zai yanke hukunci duk dattawa ne.

Wata safiya ta same ni a zaure ta ce, "Baba, ara mini wayarka. Irin ta dā nake nema."

Irin ta dā! Wayar da na saya sabuwa fil a kwalinta, wadda ta faɗa rijiya aka ciro ta tana ƙara. Na ce mata a gidan nan babu tsohon abu sai wanda ba a girmama shi. Ta ce to, ta miƙa hannu. Na ba ta.

Abin da take son yi, kamar yadda ta bayyana mini, kuma na fahimta sarai ko da wasu suna musu, shi ne ta sa wa wayar wani ɗan tarko. Aikinsa ya laɓe a ciki yana kallon manhaja. Da zarar ta zo faɗuwa sai ya riƙe ta a nan inda take, kada ta motsa, har a zo a duba abin da ya kayar da ita. To amma ba a iya ƙera tarkon a cikin waya, ba ta da ƙarfin wannan. A kwamfuta ake ƙera shi, da awon waya, kamar telan da ke Zariya yana ɗinka wa mutumin Kudan riga bai taɓa ganinsa ba. Sai an gama a turo ta kebul a gwada.

Na farko da ta turo, wayata ta ƙi shi ƙememe. Na ji daɗi ƙwarai, na ce ai waya ta san mai ita. Ta ce a'a, awon sabbin wayoyi ta yi, ƙwaƙwalwar tawa ƙarama ce. Na ce a dai riƙa tauna magana. Na biyu ya shiga, amma ya ce akwai wasu kaya da yake jingina da su, ya duba babu su a wayar. Sai da ta koma ta ɗinke masa kayan a jikinsa, ya zo da guzurinsa. Duk wannan ana yi ana ɗauke wuta, tana ɗaukar kwamfuta zuwa shagon mai sola ta dawo. Ni kuma ina zaune ba waya kamar mai takaba, abokaina suna aiko yara su ji ko na mutu.

Ran da tarko ya zauna, ta dawo mini da wayata ta ce, "Baba, ka ci gaba da amfani da ita yadda ka saba. In ta tsaya cik, alheri ne. Kada ka kashe, kada ka cire batir, kada ka ba kowa. Ka kawo mini ita a haka."

Na ce na ji. Kuma na ji ɗin.

Kwanaki suka wuce ba abin da ya faru, har ranar kasuwar Makarfi, saura kwana biyu taro. Ita ta tafi Kudan sa wa wasu manhaja. Ni na je kasuwa da kwandunana, na zaga na ji farashi, na sami inuwa na danna na fara ba jama'a labari. Ina tsakiyar magana waya ta daskare. Na danna nan, na danna can, ko gezau. Ga shi wani mai babbar mota ya ce zai kira ni kafin azahar a kan tumatirina, rana tana dukan kaya, ni kuma ina riƙe da guntun ƙarfe mai haske.

A nan nake so masu hankali su yi mini adalci. Tun da waya ta shigo ƙasar nan, in ta sandare ina ake kai ta? Wurin mai filashin, mai goge duk abin da ke cikin waya ta dawo sabuwa. Haka kowa yake yi, limami da ladan. Ga rumfarsa nan ina hango ta. Na ce bari dai in nuna masa, gani kawai.

Ya karɓa ya juya ta, ya ce, "Baba, wa ya taɓa maka wayar nan?"

Na ce 'yata ce, ta yi karatun kwamfuta.

Ya yi wata dariya ya ce, "Su ne ai. Kullum sai an kawo mini aikinsu. An cusa mata abin da ba nata ba. In wanke maka ita tas?"

Na ce an ce kada a kashe.

"To riƙe ta a haka, Baba, tumatir ya jira ka."

Wannan maganar ce ta kayar da ni. Kafin in gama cin rogo da ƙuli ya wanke ta, ta dawo tana walƙiya kamar ran da na saye ta. Mai mota ya kira, na sayar da kayana. Na hau mota zuwa gida ina jin kaina, har ina shirya yadda zan gaya mata a hankali, kada ta ji kunya, cewa abin da ya gagare ta an gyara shi a rumfar kasuwa.

Na gaya mata. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Ta karɓi wayar ta duba, ta zauna a bakin turmi ta ce, "Baba, tarko ya kama. Abin da nake jira ke nan tun ran nan. Ya kama, ka kai an sake shi."

Na ce ai waya tana aiki yanzu. Ta ce ciwon yana nan, shaidar ce ta tafi. Uwarta tana tankaɗe a gefe, yadda take buga rariyar nan kawai ya ishe ni.

Washegari tun da hantsi ta mayar da manhaja da tarko, da yake yana nan a kwamfutarta. Matsalar ita ce ba ta san abin da ke jawo faɗuwar ba, ga taro gobe. Ta zaunar da ni a tabarma ta ce in yi abin da na yi a kasuwa. Ni kuwa ina fushi, don tun jiya ba wanda ya tambaye ni yadda na sayar da tumatir. Na danna na ce, "Makarfi, kwando kaza," na saki. Saƙo ya tafi lafiya. Ta ce in sake. Na sake. Muka yi a zaure, muka yi a rana ko zafi ne, muka yi da caji kaɗan, muka yi ina tafiya. Waya ta ƙi faɗuwa, kamar an haɗa baki da ita. Da la'asar na ga idon yarinyar nan ya yi ja, ta rufe kwamfuta ta ce shi ke nan, gobe za ta gaya musu gaskiya.

Abin ya taɓa ni. Na ce ba ni wayar nan, ni zan roƙi shugaba ya ƙara mata lokaci, kuma a cikin manhajar zan faɗa kowa ya ji. Na gyara zama, na gyara murya. Magana da manya ba a faɗa mata haka kawai. Na yi sallama, na gai da shugaba, na tambayi iyali da gajiya da sanyi. Na gai da 'yan kwamiti ɗaya bayan ɗaya. Na yi wa mutanen Gubuchi ta'aziyya, na yi wa na Taba barka da samun ƙaruwa, na tambayi jikin wani da ƙafa ke damu. Ina shirin shiga abin da ya kawo ni, waya ta daskare.

"Kada ka taɓa!" Ta fizge ta daga hannuna, abin da ba ta taɓa yi ba, ta soka kebul. Ta shiga karanta wasu layuka a kwamfuta, can sai ta kwashe da dariya har da hawaye.

Ashe wurin da ta tanadar wa murya a ƙananan wayoyi ɗan kaɗan ne. Samari suna faɗin farashi su saki. Dattawa kuwa sai sun gaisa, maganar ta cika wurin ta tumbatsa, manhaja ta kife. Ita kuma ba ta taɓa jin dogayen saƙonnin ba, tunda ba sa isowa. Kafin magariba ta faɗaɗa wurin. A taro shugaba ya gwada da kansa, ya gai da duniya kaf, saƙo ya tafi, aka ba ta aikin.

Abin da ya ƙona mini rai shi ne, aka yi ta sa mata albarka, ba wanda ya ambace ni. Da muka dawo gida na tsaya a tsakar gida na ce a gaya mini, wayar wa aka yi aikin da ita? Gaisuwar wa ta tono ciwon? In da ni mai gajeren baki ne irin yaran yanzu, da wa zai gano shi? Na ce ko goro ai a ba ni.

Uwarta ta ɗago daga bakin murhu ta ce, "Malam, ƙarfe ma da ya saurare ka suma ya yi. In akwai goro, mu da muke ji tun kana da baƙin gashi za a ba."