Adon Ƙofar Kaka

Ƙanshin busasshen ganyen dabino ne ke tayar min da wannan magana, kuma har yau in ta taso sai na ji raina ya ɓaci.

A unguwar Hindawiyya ta Jidda na girma, a wani gidan kwano da katako. Mahaifina kuku ne a gidan wani Bature. Duk shekara, kwana goma sha biyu bayan Kirsimeti, matar Baturen kan sauke adon falonta ta zuba a shara, ba ta ƙara masa ko kwana guda. Mahaifina kan tsinto masu ƙyalli ya kawo wa kakata. Ita kuma ta adana su sai lokacin aikin hajji, ta haɗa da ganyen dabino ta ƙawata ƙofarmu don tarbar autanta, ƙaramin baffana, mai ɗaukar wa alhazai kaya a Mina. Al'adar unguwa, in mutum ya dawo, an sha shayi an yi barka, bayan mako sai a sauke adon.

Wata shekara kowa ya dawo ban da shi. Daga baya muka ji an kama shi ba iƙama, wato takardar izinin zama, an sa shi a jirgin ruwa zuwa ƙasar da bai taɓa gani ba. Mutumin da aka haifa a Jidda.

Kaka ta ce ado ba ya sauka sai mai shi ya shigo.

Muharram ya wuce, Safar ya wuce. Iskar teku ta cinye ƙyallin, ganyen ya bushe yana ƙaras-ƙaras. Kullum da safe takan goge shi da jiƙaƙƙen tsumma. Ka san abin da ya fi ba ni haushi? A duk unguwar ba wanda ya taka ƙafa ya je neman labarin inda aka jefa shi, amma kowa ya sami bakin magana a kan ƙofa. Wasu su ce kayan Kirsimeti a gidan Musulmi, kamar ba su ne suka yi shekaru suna shan shayi a ƙarƙashinsa ba. Wasu su ce tsohuwa ta taɓu.

Wata Juma'a Kaka ta tafi gaisuwar mutuwa, sai ga babban baffana daga unguwar Nuzla. Ya jingina tsani, ya miƙo min almakashi.

"Yalla, hau ki yanke. Halas, abin kunyar ya isa."

Na ce, "Baffa, Kaka ta hana."

"Ni kike gaya wa?"

Na hau ina kuka. Shekarata tara. Ƙato da gemunsa, bai hau da kansa ba, don ya samu ya ce wa uwarsa hannunsa bai taɓa ba. Wannan ne har yau na kasa haɗiyewa.

Da Kaka ta dawo, ta daɗe tsaye gaban ƙofar. Ba ta nemi sanin wanda ya yi ba. Cewa kawai ta yi, "Wa ya kawo muku labarin mutuwarsa?" Tun daga ranar ba ta ƙara shimfiɗa tabarmarta a bakin ƙofa ba.

Bayan shekara huɗu ƙaramin baffana ya dawo ta Sudan, a rame. Ya tarar Kaka ta rasu da wata biyar.

Yanzu a unguwar Aziziyya nake zaune. Fitilu ake haya don adon tarbar alhazai, masu su zo su ɗaura, su dawo su kwance. Duk shekara ina jin maƙwabta suna gardamar rana ta nawa ya dace a sauke. Ban taɓa jin wanda ya fara tambaya ko kowa ya dawo ba.