Ranar da Baba Injiniya Ya Ari Hannu

Kafin sauran shagunan titin su buɗe, Baba Injiniya ya riga ya ɗage ƙofar nasa, ya yi shara, ya ɗauko burushi mai laushi yana bin kwamfutocin da ke jere a kanta yana kakkaɓe musu ƙura. Yana yi yana gaishe su. "Ke kuma kin kwana lafiya? Har yanzu mai ke bai waiwayo ba?" Wasunsu sun shekara a wurin, masu su sun manta da su. In ya gama sai ya jera sukudirebobinsa a kan tsumma, daga ƙarami zuwa babba, ya zauna yana kallon titi.

Waɗanda suka san wurin da can sun ce sai ka jira kafin ka samu ganinsa. Ɗalibai, masu buga takardu, masu ɗaukar hoto, kowa da akwatin kwamfutarsa a ka. Yanzu titin ya koma na masu gyaran waya, mutane na wucewa ko leƙe ba sa yi. Matarsa ta rasu, 'ya'yan suna wasu garuruwa, sukan kira in sun samu sarari. Mai yi masa magana kullum ita ce telar da ke shagon gefe, ita ma rabin maganarta tsokana ce.

"Baba, yau ma kai da matan naka kuke hira?"

"Su ai ba sa mayar da magana, 'yata. Ba kamar wasu ba."

A ƙarshen watan nan zai rufe shagon, kuma bai kamata mutum irinsa ya tafi shiru ba. Abin da zan faɗa daga bakin telar na ji shi, na kuma sake tambayarta don kada in yi ƙari.

Ita ta fara lura hannunsa na dama yana rawa. A da shi ke zura mata zare a allura in idonta ya gaji, sai ya fara cewa yana da aiki, alhali tebur fayau. Daga baya duk wanda ya kawo gyaran da sai an buɗe akwati, sai Baba ya yi masa kwatancen wani shago. Bai gaya wa kowa dalili ba.

Ana haka wata safiya mai tasi ya sauke wani dattijo da sanda, ya shigo masa da akwatin kwamfuta da wani kwali, ya tafi. Malam tsohon mai fassara ne, ciwo ya tafi da ganinsa. Shi kaɗai yake zaune a ɗaki. Kwamfutar ce ke karanta masa littattafai da labarai da saƙonnin 'yarsa da ke aiki a wata ƙasa mai nisa.

"Injiniya, ita ce mai yi mini magana a gidan," in ji shi. "To fankarta ta koma ihu kamar injin niƙa, ba na jin abin da ake karanta mini. In ta yi zafi kuma sai ta ɗauke a tsakiyar magana. Tun makon jiya ɗakin nan babu murya sai tawa."

Baba ya buɗe baki zai yi masa kwatance, sai Malam ya lalubi benci ya zauna, ya jingine sandarsa. "Ni fa ba inda za ni. A nan zan jira."

A cikin kwalin akwai abin da 'yar ta aiko: babban abin sanyaya furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, hasumiya biyu ta siraran faranta na ƙarfe da fanka biyu masu faɗi, irin waɗanda ke juyawa a hankali ba ƙara. Sai kuma memori, sandunan da ke ƙara wa kwamfuta sauri, guda biyu dogaye, masu tozo a sama.

Baba ya cire tsohuwar fankar, ya goge busasshen man da ke kan furosesa, ya dasa memorin. Ya ɗora hasumiyar don gwaji, ta zauna daram. Da ya zo maƙala fankar gaba, sai gindinta ya hau kan tozon memorin ya ƙi sauka. Ya ɗaga ta sama kaɗan ta tsallake su, ya kawo murfin gefe, murfi ya ƙi rufuwa, fankar ta yi tsini ta tokare shi.

"Malam, memorin nan sun yi tsawo. Ina da gajeru a nan, aikinsu ɗaya. In musanya maka?"

Malam ya yi dariya. "Ta ce mini wai har fitilu gare su. Ka ji yarinya, ta manta wa take aika wa." Dariyar ta tsaya. "Ita ta zaɓo su da hannunta. Ka bar mini su, Injiniya."

Telar, wadda ta baro kekenta ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce, "To Baba a bar murfin a buɗe mana, ai ta fi shan iska."

Baba ya ɗago kai. Yana kallon yatsun Malam suna yawo a kan benci, suna bin gefen kwali, suna shafa duk abin da suka tarar. Mutumin da ke gani da yatsu ba a bar masa faranta masu kaifin reza da fanka mai juyawa a buɗe. Ya daɗe yana juya akwatin. Can ya kwance wata tsohuwar fanka da ke bayan akwati ya ajiye, wuri ya samu. Fankar da ta ƙi zama a gaba ya kai ta bayan hasumiyar, inda za ta riƙa zuƙo zafi tana fitarwa waje. Memori suka tsaya da tsawonsu, ba abin da ya taɓa su. Ya gwada murfi, ya rufu ruf.

Saura ɗauri. Ya sauke fankokin, ya ɗiga sabon mai kamar ƙwayar wake a kan furosesa, ya mayar da hasumiyar. Kusoshin da ke riƙe ta guda biyu ne, can ƙasa a lungun da ke tsakanin hasumiyoyin, sai da dogon sukudireba ake kai musu. A ƙarƙashinsu kuwa babban allon cikin kwamfutar ne da zane-zanensa masu sirantar gashi. In baki ya zame ya karce shi, an gama, Malam ya koma ɗakin shiru.

Baba ya zura sukudireban. Bakin ya fara bugun ƙarfe, ƙas, ƙas, ƙas. Ya zaro, ya goge tafinsa a riga, ya riƙe wuyan hannun da na hagu, ya sake zurawa. Ƙas, ƙas, ƙas.

"Injiniya," in ji Malam a hankali, "hannunka ne ke wannan kiɗan?"

Telar ta ce tsokana ta zo mata har baki, ta haɗiye. Baba ya tsaya da sukudireba a hannu, kansa a ƙasa, kamar wanda aka kama da abin da ba nasa ba.

"Shi ne, Malam. Ya daɗe."

"To ba ni. Nawa ba ya rawa. Kayana ne, in ya lalace a hannuna ya lalace."

Duk titin an san Baba ba ya ba da aron sukudirebansa, ko taɓawa ba a yi. Ranar ya kamo hannun Malam ya kai shi bakin tebur, ya ɗora masa ƙotar a tafi, ya bi da shi cikin lungun yana cewa, "Ƙasa. Ƙasa kaɗan. Hagu. Ka ji ya faɗa?"

"Ya faɗa."

"Juya kaɗan kawai, ka tsaya. Yanzu ɗaya gefen. Ba a ƙure ɗaya a bar ɗaya, sai ta karkace."

Haka suka yi ta yi, nan kaɗan, can kaɗan, kan Baba kusa da na Malam, har kusoshin suka tsaya da kansu. 'Yan wayoyin da ke maƙale fanka ma Malam ne ya lalubo raminsu ya sa, telar tana cewa, "Malam, yatsunka! A hankali!" shi kuma yana cewa, "'Yar nan, koma kan kekenki, ma'aikata na aiki."

Baba ya haɗa wayoyi, ya rufe murfi, ya danna. Malam ya kasa kunne.

"To kunna mana."

"Ai tana kunne."

Sai ga muryar ta fito tar, ba abin da ya danne ta, tana karanta saƙon 'yar Malam da ya kwana biyu yana jira: Baba, kayan sun iso? Na ji ka shiru. Malam ya sa aka maimaita masa. Baba ya ce ba zai sallami kwamfutar ba sai ta wuce zafin rana a kunne a gabansa, don haka Malam ya sa ta ɗauko littafin da ta yanke masa a tsakiya, suka zauna su biyu a benci suna saurare har inuwa ta juya. Ba ta ɗauke ba. Da mai tasi ya dawo, Malam bai yarda a sa akwatin a but ba, a cinya ya rungume shi.

Wannan ne aikin Baba na ƙarshe, kuma ba shi ya ɗaure kusoshin ba.

Baba Injiniya, likitan akwatuna. Kai ne ka dubi yatsun mutum kafin ka dubi sauƙin aikinka. Kai ne aka tambaye ka abin da ka daɗe kana ɓoyewa, ka amsa da gaskiya a gaban maƙwabciya, alhali kana iya cewa kayan ne ba su dace ba, ba wanda zai musa maka. Mun gode, Baba. Allah ya saka da alheri, ya ba hannun nan hutu da sauƙi.

Ku kuma masu sana'a, ku yi koyi da shi. Ranar da ƙarfinku ya gaza, kada kunya ta sa ku mayar da mai buƙata gida da damuwarsa. Ku faɗi gaskiya, ku miƙa ƙotar ga wanda zai iya riƙewa, ku tsaya kusa da shi kuna gaya masa inda zai juya.