Ƙunshi Uku a Ƙarshen Tabarma

Abin da na fara lura da shi a Sokode shi ne ƙanshin manja. Mun sauka daga kamiyo, babbar motar kaya, da la'asar, kaina yana juyawa, sai na ji ko'ina ana suya da wani jan mai da ban saba da shi ba. A gidanmu na Dapaong da man kaɗanya ake komai, da shi ake miya, da shi ake shafa, har tufafin Inna ƙanshinsa suke yi. Na kama gefen zanen Gwaggo na shinshina a ɓoye. Ita ma manja ce.

Shekarata tara a lokacin. Gwaggo ƙanwar Baba ce, ita ta ɗauke ni riƙo bayan rasuwarsa. Mijinta tela ne, yana ɗinka wa ma'aikatan barikin Faransawa kaki, shi ne ya sa ni a lakwal, makarantar boko, tare da 'yan mata ƙalilan. Ni ba mai magana ba ce. Idan madam ta kira ni a aji sai harshena ya yi nauyi ko da na san amsar. Kallo kawai na iya. Na san wadda ta zo da gammo a ɓoye cikin jaka, na san ranar da madam ta sauya ɗan kunne.

Tsakaninmu da Inna tafiyar kwana goma ce da ɗoriya a ƙasa, don haka sai sallahu. Idan ta ji matafiyi zai yo kudu, sai ta ɗaura mini ɗan ƙunshi ta ba shi amana. Ba wani abin kirki ba ne a ciki: curin man kaɗanya a ganye, daddawa, ƙuli-ƙuli. Tana yagar tsumma daga wani tsohon baƙin zanenta ta naɗe. Inna bahaguwa ce, ƙullinta ta hagu yake kwanciya, kuma takan bar kunne ɗaya dogo domin in kama da haƙori in ja, tun ina ƙarama haka nake kwance mata kaya. Baƙo zai yi sallama a zaure, ƙafafunsa fari fat da ƙurar hanya, ya ce ina 'yar Dapaong. Sai in karɓa hannu biyu in ruga bayan ɗaki.

Bayan damina ta farko, sallahu ya daina zuwa.

Ranar kasuwa, idan muka tashi daga lakwal, nakan zauna a bakin zaure ina duban kayan da ke kan masu wucewa. Wata ya wuce, wani ya bi shi.

"Tashi daga nan, mai gadin zaure," in ji Gwaggo. "Ƙuli-ƙuli a hannun mai tafiyar kwana goma? Ko ni aka ba, da na cinye tun a Tandjouaré. Ko kuma uwar taki ta samu abin da ya fi ki."

Wasa take yi, dariya ma take, amma ni na ɗauki maganar ta biyu na riƙe. Na yarda Inna ta manta da ni. Da wata mai goro za ta bi ayari zuwa arewa, ta tsaya gidanmu ta tambaye ni ko ina da saƙo. Na ce, "Ki ce wa Inna kada ta wahalar da kanta. Ina da komai a nan." Na yi makonni ban yi magana mai tsawon wannan ba.

A unguwarmu akwai wani dattijo mai masauki, wanda fatake ke sauka a gidansa. Yana da baƙo, wani tsoho mai sayar da takalman fata, da ke zuwa duk shekara kafin azumi. Wannan shekarar azumi ya kama bai iso ba, alhali an ga fitowarsa daga Dapaong. Masu masauki na kan hanya duk sun san juna, sai dattijon ya aika tambaya ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Na Tandjouaré ya ce ya kwana, ya wuce. Na bakin kogi ya ce ya haye lafiya, har ya gyara masa takalmi. Haka amsa ta riƙa dawowa, ya kwana ya wuce, har zuwa wani masauki mai nisan kwana biyu daga Sokode. Na gaba da shi ya ce bai gan shi ba. Daga nan aka gano wasu masu masaukin ma suna neman nasu baƙin, kuma duk a wannan tsakanin sawunsu ya ɓace. Dukansu masu tafiya su kaɗai ne.

A wannan tsakanin akwai wani mutum mai rumfa a gindin ɗorawa. Yana ba matafiya ruwa da kunu, ya ce ya san yanke da ke rage wuni guda, zai raka ka. Kowa ya san shi, kowa yana sa masa albarka. Gwaggo ma ta taɓa shan ruwansa. Duk da haka a kansa zato ya faɗa. Sarkin zango, shugaban unguwarmu ta baƙi, ya tafi wurin kumandan, Bafaranshen da ke mulkin garin, aka tura gardi, wato 'yan sandan bariki. A rumbun mai rumfar suka samu kayan mutane maimakon hatsi, a wani rami a bayan gonarsa kuma suka samu abin da manya ba su faɗa a gabanmu ba.

Mutumin ya ce kayan duk saye ya yi a kasuwanni, ramin kuma bai san da shi ba, daji na kowa ne. Sai aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin mangwaron bariki, aka baje kayan, aka ce duk mai ɗan'uwa da ya ɓata ya zo ya duba. Gwaggo ta tafi kallo kamar kowa, ta ja ni.

Mutane sun taru kan riguna da butoci da carbi. Wani ya ce wannan rigar kamar ta wansa, tafinta ya ce riga irin wannan akwai ta a kowace kasuwa. Ni ban iya kutsawa ba, sai na zagaya ƙarshen tabarma inda ba kowa. A can aka jefar da ƙananan ƙunshi uku, sun yi dauɗa, mai ya jiƙa tsumman. Kowanne da kunne ɗaya dogo.

Na ja zanen Gwaggo. Na sake ja.

"Mene ne kuma? Fitsari?"

"Na Inna ne."

Ba ta ji ba, sai da na maimaita. Tafinta ya ji. Mutum ne dogo mai tabarau, ya tsuguna har fuskarsa ta zo daidai da tawa.

"'Yar lakwal, ta yaya kika sani?"

Sai na ɗauki na farko, na nuna masa inda ƙullin ya kwanta, na kama kunnen da haƙori na ja. Ya warware lokaci guda. Daddawar ta zama gari, ƙuli-ƙulin ƙwari sun cinye. Na biyu ma haka. Na ukun ya fi su girma, ba abinci a cikinsa, sai sabon kallabi da ɗan madubi da jigidar Inna ta kanta, wadda na san ba ta rabuwa da ita.

Kumandan bai ga abin da wannan ya ƙara ba, sai da sarkin zango ya yi masa bayani. Riga ana sayar da ita, buta ma haka. Amma ba wanda ke kai sallahun wani kasuwa, ba kuma mai sayen daddawar da uwa ta ƙulle wa 'yarta. Wanda aka samu da shi, daga hannun mai ɗauke da shi ya raba shi. Saura a san su wa aka ba. Aka aika a zo da Inna a kamiyo.

Da hantsi ta iso, ranar shari'a. Ta rame. Na durƙusa na gaishe ta ina kallon ƙasa, ta dafa kaina, aka kira ta ciki. Ta tagar ɗakin na leƙa. Mai rumfar yana zaune a ƙasa, kaushi a dugadugansa, yana korar ƙuda daga gwiwarsa. Da a hanya na gamu da shi, da na gaishe shi.

Inna ta yi magana a hankali, tafinta yana juya wa kumandan da Faransanci. Na farko ta ba wani saurayi mai tabon wuta a hannu, zai je ganin matarsa da ta haihu. Na biyu wani malami ne, ya ƙi karɓar ko da goro, ya ce ta bar shi da ladan. Na uku tsohon nan mai takalma, ya rataya ƙunshin a wuya a cikin rigarsa, ya ce yana da jika sa'ar 'yarta. Kowanne ta faɗi ranar kasuwar da ya tashi, kuma ya dace da abin da masu masauki suka ce. Uwar saurayin tana nan, ta rufe fuska da mayafi. Aka tambayi mutumin a wace kasuwa ya sayi waɗannan. Ya ci gaba da korar ƙuda daga gwiwarsa. Kafin azahar aka yanke masa hukunci, gardi suka tafi da shi kaso, wato kurkuku, daga baya aka wuce da shi kudu. Ban ƙara jin labarinsa ba.

A hanyar gida Gwaggo ta ce, "Ke kuwa Yaya, jigidarki sukutum? Ga yarinya ƙarama?"

"An ce mini ta ce tana da komai," in ji Inna. "Na ce gaskiyarta, daddawa ba ta dace da 'yar lakwal ba kuma. Sai na duba abin da nake da shi."

Ba da fushi ta faɗa ba, ko juyowa ba ta yi ba. Ashe duk watannin da nake bakin zaure, ita ma tana can tana jiran a ce mata sallahun ya iso.

Washegari da safe kamiyo zai koma. Da la'asar Inna tana zaune a kan turmi a tsakar gida tana tsince wa Gwaggo shinkafa, ni ina jingine da bango ina shirya maganar ban haƙuri. Na shirya ta, na sake shiryawa, ta ƙi fita. Sai na je na zauna a ƙasa tsakanin gwiwoyinta, na ba ta baya, na cire ɗankwalina.

"Inna," na ce, "ki tsefe mini wannan kitson, ki yi mini irin na gida kafin ki tafi."